Baki kafin hannu: kundin aikin rubuta dokokin ƙari a gasar foka da Hausa

Asabar, 11 ga Janairu 2025

An yi zaman farko yau a unguwar Barnawa, Kaduna, bayan la'asar. Aikin shi ne fitar da ɗan littafi da Hausa kan dokokin zubi da ƙari a gasar kartar da Turawa ke kira poker, mu kuma muke cewa foka, irin wadda ake zama a tebur ido da ido. Nau'in da aka ɗauka shi ne Texas Hold'em marar iyaka, inda ɗan wasa zai iya tura duk abin da ke gabansa a kowane zagaye. Shi ake bugawa a babban wasan gasar duniya ta WSOP, wadda aka fara a Las Vegas ta Amurka a 1970.

Babu kuɗi a teburin nan. Ba kuɗin shiga, kwabban roba ba a canza su ko da sisi, wanda ya ci gasa kofi zai ɗauka. Duk ranar da kuɗi ya shigo abin ya zama caca, kuma ba ita ta tara mu ba. Wannan shi ne shafin farko na littafin.

Madogararmu dokokin TDA ne, ƙungiyar masu jagorantar gasar foka da Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001. Dokokin sun nemi kalmomin tebur su zama gajeru, waɗanda ba su ɗaukar ma'ana biyu, kuma sun bar wa kowane gida a wajen Amurka ya sanar da harshen da za a yi a teburinsa. Ta wannan ƙofa Hausa za ta shiga.

An tsaida kalmomi shida: “na zuba” (fara sa kwabbai a zagaye), “na bi” (sa daidai abin da aka zuba), “na ƙara” (ɗora a kansa), “na ajiye” (ajiye kati a fita), “wuce” (barin layi ba zubi, in ba wanda ya zuba), da “duka” (tura duk kwabban da ke gabanka). Wanda ba ya son furta “wuce” ya ƙwanƙwasa tebur. An guji aron kalmar “cak” ta Turawa a madadin “wuce”, domin duk wanda ya taso da Whot a garin nan ya saba jin ta a bakin wanda katinsa ya ƙare, kunne zai ruɗe. Zubin da mutum biyu ke yi kafin a raba kati an kira shi zubin dole, ƙarami da babba. Abin da ya taru a tsakiya, tuli. Mai raba kati, mai rabawa. Wanda ke yanke hukunci, alƙalin gasa.

An jefar da “na shiga”. Wani na nufin ya bi, wani na nufin ya tura duka. Haka “to mu je” da “ina ciki”. Wanda ya furta su ya bar wa alƙali fassara, kuma ba lallai ta yi masa daɗi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Kaya sun haɗu. Tebur biyu, kujera tara kowanne. Kowane ɗan wasa zai fara da 10,000: kwabo takwas na 25, takwas na 100, huɗu na 500, biyu na 1,000, ɗaya na 5,000. Ga mutum goma sha takwas, kwabbai 414 ke nan. Kore 25, baƙi 100, shunayya 500, rawaya 1,000, ruwan goro 5,000. Zubin dole zai riƙa hawa kowane minti 20.

Da daddare, a hasken fitilar caji, baƙi da shunayya suna kama da juna ƙwarai. Za a sa wa shunayya ɗigon farin fenti a gefe, kuma a rataya fitila daidai saman tsakiyar tebur.

Lahadi, 26 ga Janairu

Babin mafi ƙarancin ƙari. A nan aka fi samun kuskure a gwajin yau, kuma tushensa ɗaya ne: mutane sun ɗauka ƙari shi ne ninka abin da aka zuba. Ba haka ba ne. Ƙari dole ya kai girman zubi ko ƙari mafi girma da aka yi a wannan zagayen. Ana duba abin da aka ɗora a kai ne, ba jimlar ba.

Zubin dole 100 da 200. Na farko ya ƙara zuwa 600. Abin da ya ɗora 400 ne. Na biyu in zai ƙara, mafi ƙaranci 1,000, ba 1,200 ba. In kuma na biyun ya kai 1,600, ya ɗora 1,000 ke nan, na uku ba zai ƙara ƙasa da 2,600 ba. Da an buɗe kati uku na tsakiya, waɗanda kowa ke haɗawa da nasa, sabon zagaye ke nan, lissafin ya koma farko: mafi ƙarancin zubi shi ne babban zubin dole, 200. A wasa marar iyaka ba a ƙayyade yawan ƙarin da za a yi a zagaye ba.

An umarci masu rabawa su riƙa faɗin jimla da ƙarfi bayan kowane ƙari: “dubu da ɗari shida ne”. Su ma 'yan wasa an rubuta musu su ce “na ƙara zuwa kaza”. Kalmar “zuwa” tana da muhimmanci, domin “na ƙara dubu” wani zai ji dubu a kan abin da ke ƙasa, wani zai ji dubu gaba ɗaya. A dokar TDA, in babu wani bayani, adadin da aka faɗa tare da kalmar ƙari shi ne jimlar zubin. Haka muka ɗauka.

Hanyar ƙari biyu ce kawai. Ko ka tura dukan kwabban a motsi ɗaya, ko ka faɗi cikakken adadin kafin hannunka ya motsa, sannan ka ƙirga a tsanake. A da akwai hanya ta uku, mutum ya ce ya ƙara, ya tura daidai kwabban bi, ya koma ya ɗebo ƙarin. TDA ta cire ta a 2019, amma har yanzu ana ganinta a tsofaffin bidiyo, shi ya sa wasu ke gardama. Abin da aka hana shi ne zubin kai-da-komo: mutum ya ajiye 600, ya ɗaga ido ya karanci fuskar abokin karawa, sannan ya koma ya ƙaro 1,000. Ya samu labari kyauta kafin ya yanke shawara, wannan kuma zalunci ne ga wanda aka karanta. Hukunci: motsin farko kaɗai ake ɗauka, sauran ya koma gabansa. Mai rabawa ne zai tsaida shi, ba sai wani ɗan wasa ya yi ƙorafi ba.

Mai cewa “na bi ka, kuma na ƙara” shi ma ya faɗa wannan ramin. Kalmar farko ta ɗaure shi. Magana zarar bunu ce, “na bi” ta riga ta fita.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau duka a kan zubin shiru aka ƙare, wato mutum ya tura kwabbai bai ce uffan ba. Dokoki uku ne ke aiki a nan, kuma dole mai rabawa ya bi su a jere.

Ta farko, kwabo ɗaya. An zuba 300 a gabanka, ka jefa rawaya ɗaya ta 1,000 ba magana. Ka bi ne kawai, za a mayar maka da 700. Ko ruwan goro ta 5,000 ka jefa, bi ne. In ƙari kake so, sai ka ce “na ƙara” kafin kwabon ya taɓa tebur. In ka faɗa ba tare da adadi ba, ƙarin ya zama darajar kwabon gaba ɗaya. Amma in ba wanda ya zuba kafin kai a wannan zagayen, kwabo ɗaya a shiru zubi ne na dukan darajarsa. Dalilin dokar a fili yake: mutum yakan rasa ƙananan kwabbai, ba za a tilasta masa ƙari don ba shi da canji ba.

Ta biyu, kwabbai da yawa. Mai rabawa ya tambayi kansa: in na cire mafi ƙanƙanta guda ɗaya, abin da ya rage ya kai na bi? In bai kai ba, ashe duka ana buƙatarsu, to bi ne. Misalin da ya fi tada jijiyar wuya yau: zubin dole 100 da 200, an ƙara zuwa 600, wani ya tura shunayya biyu, 1,000 cif, a shiru. Kowa ya ce ai ƙari ne, tunda 1,000 shi ne daidai mafi ƙarancin ƙari. Amma cire ɗaya, saura 500, bai kai 600 ba. Bi ne, a mayar masa da 400. An maimaita wannan sau uku da kwabbai a hannu kafin ya zauna. Zai shiga littafi da hoto.

Ta uku, dokar rabi. In an cire ƙaramin kwabo kuma sauran ya kai na bi, sai a duba rarar. In ta kai rabin zubi ko ƙarin baya, dole ya cika mafi ƙarancin ƙari. In ba ta kai ba, bi ne, rara ta koma. An zuba 1,000, wani ya tura 1,600 a shiru: rara 600, ta wuce rabi, sai ya cika 2,000. Ya tura rawaya ɗaya da baƙi huɗu, 1,400: rara 400, bi ne. In kuwa kwabban da ya tura su ne na ƙarshe a gabansa, “duka” ke nan, ko sun kai rabi ko ba su kai ba.

Akwai ɗabi'ar kasuwa da ke bin mutane har tebur. A Kasuwar Barci ko gaban mai shayi, in kuɗinka 350 ne sai ka miƙa 550 don a ba ka 200 cif. A tebur wannan tarko ne. An zuba 325, ka tura 500 da 25 kana jiran canjin 200. Cire 25, saura 500, ya wuce 325. Rara 200, ta wuce rabi. Ka ƙara zuwa 650 ba da niyya ba, kuma ba za a janye ba. Maganinsa kalma biyu ce: “na bi”, sannan ka tura abin da ka ga dama.

A ganinmu waɗannan dokoki uku masu rabawa ne ya kamata su haddace su. Ɗan wasa da ya saba magana kafin hannu ba zai taɓa haɗuwa da su ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Matsalar da ba ta cikin littafin Turawa: jaka. Wani ya ce “na zuba jaka biyar”. A bakin mutanenmu jaka 200 ce, jaka biyar 1,000 ke nan, amma matasa da yawa a teburin sun ji 5,000. An hana “jaka” a tebur ɗungurungum. Ɗari da dubu kawai.

Sai “biyar” tsurarta. Ɗari biyar ko dubu biyar? Dokar TDA ta yanzu ta ce a ɗauki adadi mafi girma mai ma'ana wanda bai wuce tulin da ke tsakiya kafin zubin ba. Zubin dole 200 da 400, tuli bai kai 5,000 ba, “biyar” 500 ce. In tuli ya kai 5,000 ko ya wuce, 5,000 ce. Mun ɗauka haka, amma an ƙara wa mai rabawa umarni ya tambaya nan take, “ɗari ko dubu?”, kafin na gaba ya motsa. In na gaba ya riga ya motsa, doka ce za ta yi magana.

A wasa marar iyaka mai rabawa ba ya ƙirga wa kowa tuli. Zai iya baza shi a gani. Wanda ya ce “na zuba daidai tuli” bai faɗi adadi ba, amma ya ɗaure kansa da yin zubi, ko da mafi ƙaranci ne.

An tsaya har bayan Sallah.

Asabar, 12 ga Afrilu

An dawo da babi mafi wuya: “duka” da bai kai cikakken ƙari ba.

Mutum huɗu a hannu, wato a rabon kati ɗaya. Na farko ya zuba 1,000, na biyu ya bi, na uku ya tura duka abin da ya rage masa, 1,400. Ɗari huɗun nan ba cikakken ƙari ba ne. Na huɗu bai motsa ba tukuna, saboda haka zaɓinsa cikakke ne: ya ajiye, ya bi 1,400, ko ya ƙara zuwa 2,400 ko sama. In ya bi kawai, da zagaye ya dawo kan na farko da na biyu ba su da ikon ƙari. Ko su cika 400 ko su ajiye. Ƙofar ƙari ba ta buɗe musu ba, domin abin da aka ɗora musu bai kai 1,000 ba. Ba don wannan doka ba, mai tarin kwabbai zai riƙa fakewa da ɗan guntun wani yana matse na tsakiya sau biyu.

Amma gajerun “duka” suna haɗuwa. In na uku ya tura 1,400, na huɗu kuma ya tura duka nasa 2,100, to na farko yana fuskantar 1,100 a kan abin da ya zuba. Ya kai cikakken ƙari, ƙofa ta buɗe, zai iya ƙarawa zuwa 3,100 ko sama. Ana auna wannan ga kowane mutum daban, daga abin da shi ya zuba zuwa abin da ke gabansa yanzu.

Kada a kawo dokar rabi nan. Masu rabawa biyu sun cakuɗa su yau. Rabi yana buɗe ƙofa ne a wasa mai iyaka, inda aka ƙayyade girman zubi, a namu sai cikakken ƙari.

In na farko da na biyu suka bi 2,100, za a ware tuli biyu. Babba: 1,400 sau huɗu, 5,600, tare da abin da ke tsakiya tun farko, kowa na da haƙƙi a ciki. Na gefe: 700 sau uku, 2,100, na uku ba shi da hannu a ciki. A ware su kafin a buɗe kati na gaba. In aka tattara kwabbai wuri ɗaya aka ce a raba daga baya, sai an koma tambayar wa ya zuba nawa, kuma ba a cika samun baki ɗaya ba. Shi ya sa aka hana watsa kwabbai cikin tuli. Kowa ya ajiye zubinsa a gabansa, a jere, mai rabawa ne kaɗai ke ja zuwa tsakiya. Tela ya ɗinka farin zare zagaye da kowane tebur don a san inda ake ajiyewa. Zaren alama ce kawai, ba shi ke yanke hukunci ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Riga-layi. Na farko ya zuba 500, na uku ya ce “na ƙara zuwa 1,500” alhali na biyu bai motsa ba. Mai rabawa ya tsaida wasa ya koma kan na biyu. In na biyu ya bi ko ya ajiye, maganar na uku ta tabbata. In na biyu ya ƙara, yanayi ya canza, na uku ya ɗauke kwabbansa ya sake zaɓi. Wanda ya ajiye kati kafin layinsa kuwa, ya ajiye ke nan. Shi ma wanda aka tsallake ya yi magana da wuri. In ya yi shiru har mutum biyu suka motsa ɗaya da kwabbai, ko mutum uku ko ta yaya, abin da suka yi ya zauna, alƙali kuma zai yanke hukunci kan hannunsa.

Bi da ragi. An zuba 500, an ƙara zuwa 2,000, wani bai lura ba ya ce “na bi”. Ya ɗauki 2,000. In kuma a shiru ya tura 500, alƙali ne zai duba: ko ya cika, ko ya bar 500 ɗin ya ajiye kati. Amma in su biyu ne kaɗai a hannun, ko zubin farko na zagayen ne ya bi da ragi, cikawa dole ne. Sanin nawa ne a ƙasa nauyin mai bi ne, ya tambaya kafin ya furta.

Kwabbai su zauna a jere, ashirin-ashirin, manyan a gaba ko a sama inda kowa zai gani. Ɓoye ruwan goro a bayan kore yaudara ce, domin mutum yana auna ƙarinsa ne da abin da ya hango gabanka. Cikakkiyar ƙirga sai ga wanda ke fuskantar “duka” kuma layinsa ne. Wanda ya daɗe yana tunani, kowa a tebur zai iya neman a sa masa lokaci. In alƙali ya amince, daƙiƙa 25 ne, sannan a ƙirga 5 da baki. In suka ƙare, katinsa ya mutu in akwai zubi gabansa, in babu an ɗauka ya wuce.

Asabar, 10 ga Mayu

Babin ladabi. Abin da ya fito a gwaji huɗu na baya shi ne masu rabawa sun san doka, amma bakinsu na nauyi in mai kuskuren ya girme su. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai ga sa'an mahaifinsa ya yi zubin kai-da-komo, sai ya sunkuyar da kai ya bari. Kunyar nan tarbiyya ce, ba ma son a kashe ta. Sai dai in ya yi shiru, wanda ke ɗaya gefen ne aka danne. Don haka an rubuta musu lafazin da za su riƙa yi, wanda ke ɗora maganar a kan doka: “Baba, a yi haƙuri, doka ta ɗauki na farko.” Ga sa'a: “Malam, bi ne, ga canjinka.” In aka ja, kada ya yi musu ko sau ɗaya. Ya ɗora hannu a kan tuli ya ce, “Ranka ya daɗe, bari a kira alƙali.” Hukuncin alƙali shi ne ƙarshe, kuma dokar farko ta TDA ta ba shi damar fifita adalci a kan lafazin doka in sun ci karo.

An hana barazanar sharaɗi, irin “in ka zuba sai na ƙara”. Alƙali na iya ɗaure mai ita da maganarsa. An hana tura kwabbai gaba a janye don ganin yadda wani zai yi. Wanda ya ajiye katinsa ya yi shiru har hannu ya ƙare: ba tsaki, ba “kash, da na bi”, ba ba wa aboki shawarar ya ƙara. Tsakin nan kaɗai yana gaya wa masu sauran kati abin da ya fita daga wasa. Horo yana hawa ne: gargaɗi, zama a waje hannu ɗaya, zagayen tebur ɗaya ko fiye, sannan kora. Wanda ke waje ana ci gaba da cire masa zubin dole.

Saura babi ɗaya da ba a rufe ba: kwabban da ke gaban mutum tun zubin baya, kamar mai babban zubin dole da 200 ke gabansa aka ƙara masa zuwa 600, ya ɗora rawaya a kai ko ya janye baƙaƙen ya musanya. Za a gwada shi da misalai goma ranar 24 ga Mayu, tebur ɗaya, masu rabawa su riƙa karɓa-karɓa. Bayan nan a kai daftarin wurin mai buga takardu, kwafi talatin na gwaji, da shafi ɗaya mai manyan haruffa na kalmomi shidan da za a liƙa a gefen kowane tebur.